Ritsuko Nakayama da maki 300: gwaninta ce ta ɗaukaka ta ko kuwa talabijin?

Malam_Sagir_Zariya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A makon jiya na ci karo da wani tsohon faifan bidiyo na wata 'yar Japan mai suna Ritsuko Nakayama tana wasan bolin, wato wasan nan da ake gangara ƙwallo mai nauyi a kan dogon daɓen katako domin a kayar da kwalabe goma da aka jera a ƙarshensa. Ranar 21 ga Agusta 1970, a wani gidan bolin da ke Fuchu a yammacin Tokyo, ta ci maki 300 cif, wanda shi ne iyakar abin da ake iya ci a wasa guda, kuma ita ce mace ta farko da ta yi haka kyamarorin talabijin suna ɗauka. Shekarunta 27 a lokacin.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da na bi tarihinta sai na tarar gasa 33 ta lashe a rayuwarta, alhali abokiyar hamayyarta Kayoko Suda ta lashe 43, wata kuma da ta biyo bayansu mai suna Shinobu Saito ta haura 70. Duk da haka, sunan Nakayama ne ake fara ambata idan aka taɓo wannan wasa a Japan. To ina tambayar masana a cikinmu: gwaninta ce ta kai ta wannan matsayi, ko kuwa dai ta yi dace ne da ranar da kyamara take kunne?

Uwar_Khalifa:
Wa alaikumus salam. Malam Sagir, kafin muhawara ta yi nisa, ina roƙon a fahimtar da irinmu yadda ake samun 300. Kwalabe goma ne, an kuma ce sau goma ake jera su, ni a lissafina 100 ya kamata a samu.

Injiniya_Bashir:
Hajiya, lissafinki yana kan hanya, sai dai akwai garaɓasa a cikin wasan. An kasa wasa guda zango goma, kuma a kowane zango ɗan wasa yana da jifa biyu. Idan ya kayar da duka goman a jifan farko, za a rubuta masa goma sannan a ƙara masa abin da ya kayar a jifa biyu masu zuwa. Idan kuwa sai a jifa na biyu ya ƙarasa su, za a rubuta masa goma tare da abin da ya kayar a jifa ɗaya mai zuwa. Saboda haka wanda yake share su duka a kowane jifa yana samun 30 a kowane zango, kuma domin zango na goma shi ma ya samu garaɓasarsa ana ƙara jifa biyu a ƙarshe. Ma'ana sai mutum ya share kwalaben sau 12 a jere ba tare da ko ɗaya ta tsaya ba.

Domin a ga nisan tafiyar, a ɗauki wanda yake kayar da tara a jifan farko, ya ƙarasa ragowar ɗayar a jifa na biyu, tun daga farkon wasa har ƙarshe. Wannan mutum bai bar kwalba ko ɗaya a tsaye ba a zangon nan goma, amma 190 kacal zai tashi da shi. Daɓen kuma tsawonsa ƙafa 60 ne daga layin da ba a tsallakewa zuwa kwalbar farko, wato mita 18 da ɗoriya, faɗinsa bai wuce mita ɗaya da 'yan kai ba, ƙwallon kuma tana iya kai laba 16, fiye da kilo 7 ke nan.

Ɗan_Maraɗi:
Allah ya ƙara sani, Injiniya. Tun da za mu daɗe a kan maganar, ina ba da shawarar mu tsayar da kalmomi. Share goma a jifan farko mu kira shi kwaf ɗaya, ƙarasa su a jifa na biyu kuma mu kira shi ciko. Ban gamsu da kalmar kwalabe ba, domin da katako ake yin su a lulluɓe da roba, kuma a idona sun fi kama da gajerun taɓare, amma tun da Malam Sagir ya riga ya buɗe da kwalabe, sai mu bi shi.

Hajiya_Turai:
Ni dai amsata ga Malam Sagir ita ce talabijin, kuma ba na jin akwai raini a faɗin haka. Bayan wannan wasa ne kamfanin Kao ya sa ta a tallan sabulun wanke gashi, tallan ya game ƙasar, har aka laƙaba mata suna da kalmar sawayaka, wadda take nufin mai sanyaya rai da fara'a. Duk wanda ya san harkar talla ya san ba yawan kofuna ake dubawa ba, fuska ake dubawa da yadda jama'a suke karɓar mutum.

A 1969 ne ƙungiyar ƙwararrun 'yan bolin ta Japan ta ba mata lasisi a karon farko, mata 13 suka samu shiga, kuma Kayoko Suda ce ta zo ta ɗaya a jarrabawar ta karɓi lasisi mai lamba 1, Nakayama ta karɓi lamba 2. Tun daga ranar farko ke nan Suda tana gaba, a ƙarshe ma ta fi ta da gasa goma. Idan da gwaninta kaɗai ake aunawa, da sunan Suda muke tattaunawa a kai yanzu. Wannan abu ya daɗe yana damuna a wasannin mata gaba ɗaya, domin sau da yawa wadda ta fi iyawa daban, wadda ake bugawa a bangon mujalla daban.

Ɗalibi_a_Osaka:
Hajiya Turai, a gafarce ni, zan ɗan saɓa miki. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a nan Japan, kuma abokan karatuna sukan ja ni gidajen bolin na Round One bayan jarrabawa. Matasan da nake zuwa da su yawancinsu ba su san Nakayama ba, ba su kuma san Suda ba, wasa ne kawai na nishaɗi a wurinsu kamar zuwa rera waƙa. Amma idan mutum ya je da safe a ranar aiki, zai tarar da dattawa maza da mata 'yan shekara saba'in zuwa sama, kowa da ƙwallonsa a jaka da takalminsa, suna buga gasar unguwa da gaske.

Wata rana wata tsohuwa a cikinsu ta ga yadda ƙwallona take ta faɗawa lambatun gefe, ta taso ta gyara mini tsayuwa. Da hira ta yi hira na tambaye ta game da Nakayama, sai ta ajiye maganar talla gefe, ta miƙe ta kwatanta mini yadda take ɗaukar taku da yadda take sakin ƙwallo hannunta a miƙe ba tare da fizga ba, ta ce salon da ita da ƙawayenta suka yi shekaru suna kwaikwayo ke nan. Abin da na fahimta shi ne, tallan ya jawo ido, amma abin da ya zauna a ran waɗanda suka shiga wasan shi ne tsabtar jifanta. Tallan sabulu ba ya sa mace ta yi shekara hamsin tana ɗaukar ƙwallo mai nauyi.

Baba_Mai_Ritaya_Kd:
'Ya'yana, ku ba ni dama in sa baki, ko da yake ban taɓa riƙe wannan ƙwallo ba. A farkon shekarun 1970 ina aiki a wata masaƙa a Kaduna wadda Japanawa suke da hannun jari a cikinta, kuma akwai injiniyoyinsu da muke aiki tare. Ɗaya daga cikinsu ana aiko masa da mujallu daga gida, a nan na fara ganin hotunan mata riƙe da baƙar ƙwallo mai ramuka uku. Na tambaye shi ko wane irin aiki ne wannan, sai ya ce sana'a ce, kuma a garinsu mutum yakan yi sa'o'i a layi kafin ya samu wurin jifa. Ban gaskata shi ba a lokacin, na ɗauka ƙarin gishiri ne irin na mai kewar gida.

Ba zan iya rantsuwa cewa hoton Nakayama na gani ba, domin ba na karanta rubutunsu. Amma abin da ya faɗa game da cunkoso ya tabbata daga baya. Ina ganin wannan yana da nasaba da tambayar Malam Sagir, domin idan kasuwa ta cika, wanda yake tsaye a bakin ƙofa shi kowa yake gani.

Injiniya_Bashir:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina so in koma kan maganar Hajiya Turai, domin akwai abin da ake mantawa idan ana auna 300 na 1970 da ma'aunin yau. A wancan zamani ƙwallayen na roba ne mai tauri ko na filastik, ba sa kama daɓe sosai. Sai a wajen 1980 aka shigo da na yuretan, wani nau'in roba da ya fi kama daɓe, a farkon shekarun 1990 kuma aka kawo wasu masu fatar da take tsotse mai, da wani nauyi na musamman a cikinsu da yake sa su lanƙwasa da ƙarfi idan sun kusa kwalabe.

Dalilin da ya sa lanƙwasar take da muhimmanci shi ne, ba a son ƙwallo ta daki kwalbar farko a goshi. Kowace kwalba tana da lamba daga 1 zuwa 10, ta 1 ce a gaba, ta 3 kuma tana bayanta ta dama. Mai jifa da hannun dama yana neman tsakanin kwalba ta 1 da ta 3, kuma idan jifan ya yi kyau, kwalabe huɗu kawai ƙwallon take taɓawa, wato ta 1 da ta 3 da ta 5 da ta 9, sauran shidan 'yan uwansu ne suke kayar da su. Sannan ana shafa wa daɓen mai, kuma kowane jifa yana jan man yana sauya masa wuri, saboda haka hanyar da ta yi aiki a zango na biyu ba lallai ta yi a zango na takwas ba. A kan daɓen katako na wancan lokaci, da ƙwallon da ba ta taimakon mai ita, kwaf ɗaya sau 12 a jere ba abin da dace kaɗai zai bayar ba ne.

Sadiq_Mai_Lissafi:
Injiniya, na yarda da bayaninka, amma kada mu wuce gona da iri. Duk wanda ya san wasan zai gaya maka cewa a cikin jifa 12 ɗin nan sai an samu ɗaya ko biyu da kwalba ta yi tangaɗi kafin ta faɗi, kuma jifa mai kyau ma yakan bar kwalba ta 10 a tsaye a lungu. Gwaninta takan kai mutum bakin ƙofa, amma shiga ɗakin yana buƙatar rabo. Shi ya sa masu auna 'yan wasa suka fi duba matsakaicin maki na shekara da yawan gasar da aka lashe, ba wasa guda ba.

Malama_Rukayya:
Ina ganin muna kallon mutum ɗaya mun bar zamanin da ya haife ta. Bolin ya daɗe a Japan, domin tun 1861 baƙi suka buɗe wurin wasan a Nagasaki, shi ya sa har yau suke kiran 22 ga Yuni ranar bolin. Gidan wasa na kasuwanci na farko an buɗe shi a Tokyo a 1952, amma sai a shekarun 1960, lokacin da albashi ya ƙaru kuma injin jera kwalabe ya yawaita, wasan ya zama na talaka. An kafa ƙungiyar ƙwararru a 1967, mata suka shigo a 1969 kamar yadda Hajiya Turai ta ce, a 1972 kuma gidajen bolin a ƙasar suka kai kimanin 3,700.

A duba kuma halin da mata suke ciki. Dokar daidaita damar aiki tsakanin maza da mata sai a 1986 ta fara aiki, kuma abin da aka saba kafin nan shi ne budurwa ta yi 'yan shekaru a ofis ko masaƙa sannan ta ajiye aiki idan ta yi aure. 'Yan ƙwallon ragar Japan da suka ci zinare a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964 ma yawancinsu ma'aikatan masaƙa ne, ba da sunan sana'ar wasa suke karɓar albashi ba. Ita kanta Nakayama, wadda aka haifa a Kusatsu a 1942 ta tashi a Kagoshima a can kudu, ƙwallon raga ta fara bugawa. To sai ga mace daga lardi mai nisa tana cin abinci da hannunta da sunanta, ana nuna ta a talabijin kowane mako. Ba fuskarta kaɗai mata suka gani ba, sun ga wata hanyar rayuwa da ba su saba gani ba.

Abban_Yusra:
Domin a san girman abin da ta yi ta fuskar lokaci, a Amurka, inda wasan ya fi ƙarfi, sai a 1997 mace ta ci 300 a gasar da aka nuna a talabijin na ƙasa baki ɗaya, ita ce Michelle Feldman. Shekara 27 ke nan bayan Nakayama, kuma a lokacin an riga an shigo da sababbin ƙwallayen da Injiniya ya ambata.

Ɗan_Maraɗi:
Malama Rukayya ta tsaya a 1972, ni kuma zan ɗora daga nan, domin abin da ya biyo baya ya fi ba ni mamaki. Cikin shekara huɗu gidajen nan kimanin 3,700 suka koma ƙasa da dubu ɗaya. Ana yawan ɗora laifin a kan tashin farashin man fetur na Oktoba 1973, wanda ya girgiza Japan saboda kusan duk manta daga waje take saye, kuma gidan bolin wuri ne mai shan lantarki. Amma gaskiya tun kafin nan an gina gidajen fiye da kima, kowane mai kuɗi ya zuba jarinsa a ciki, jama'a kuma sun fara ƙosawa. Rikicin mai ya tarar da bango ya riga ya tsage ne. Aka mayar da wasu gidajen kantuna, wasu rumbunan ajiya, shirye-shiryen talabijin kuma suka ɓace ɗaya bayan ɗaya.

Baba_Mai_Ritaya_Kd:
Ikon Allah. Wannan tashin farashi da ya rufe musu gidajen wasa shi ne ya cika baitulmalin Najeriya har aka yi mana ƙarin albashin Udoji, muka yi ta sayen rediyo da babur, akasarinsu ma ƙirar Japan. Ban taɓa haɗa abubuwan biyu a raina ba sai yau.

Malam_Sagir_Zariya:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Amma bayanin Ɗan Maraɗi ya ƙara wa tambayata ƙarfi ne. Idan kasuwar ta watse tun 1973, to shekara uku zuwa huɗu kawai Nakayama ta yi a tsakiyar haske. Shinobu Saito kuwa ta tara yawancin nasarorinta ne bayan kyamarori sun tafi. Ashe ke nan bambancinsu bambancin lokaci ne kawai, ɗaya ta zo ana cin kasuwa, ɗaya ta zo ana naɗe tabarma?

Abban_Yusra:
Malam Sagir, a nan ina tare da kai. Saito, wadda da jifan mashi ta fara kafin ta koma bolin, ta je har Amurka ta lashe babbar gasar mata ta ƙasar a 1982. Katsuko Sugimoto ta lashe gasar da ake kira Queens sau biyu a jere, 1981 da 1982, sannan Kazue Inahashi ta lashe ta a 1984. Waɗannan mata sun bi Amurkawa har gida sun doke su a wasansu, a lokacin da jama'ar Japan suka riga suka juya wa wasan baya. Idan ana maganar wadda aka tauye wa haƙƙi a tarihi, su ne, ba ma Suda ba, domin ita Suda ta ɗanɗani zamanin cin kasuwa tare da Nakayama.

Hajiya_Turai:
Abban Yusra ya taimake ni da hujjar da ban kawo ba. Sai dai ina so in gyara wani abu a maganata ta farko, kada a ɗauka ina nufin akwai gaba tsakanin Suda da Nakayama. 'Yan jarida sun ji daɗin gwara kansu, domin hamayya ita take sayar da jarida, amma da kasuwar ta faɗi su biyun ne suka haɗa kai a 1976 aka kafa ƙungiyar bolin ta matan Japan domin a riƙe matan da suka rage a wasan, ƙwararru da masu sha'awa. Suda ta rasu a 1995 tana da shekara 57, Nakayama ta ci gaba da ɗaukar nauyin. Wannan na yaba mata a kai. Amma yabon da nake yi mata na riƙon amana ne, ban janye maganata ba cewa a fagen jifa akwai waɗanda suka fi ta.

Uwar_Khalifa:
Saboda wannan muhawara jiya na sa maigida ya kai mu wani wurin bolin a cikin wani babban kanti a Abuja. An ba mu hayar takalmi mai santsi, na zaɓi ƙwallo mafi sauƙi, duk da haka sau biyar a jere tana gangarawa lambatu, na tashi da maki 47, yau kuma wuyan hannuna ko cokali ba ya son ɗauka. Injin jera kwalaben ma ya tsaya mana sau biyu. Ina so in shaida wa Sadiq Mai Lissafi cewa idan rabo yana da hannu a wasan nan, to ni jiya bai leƙo inda nake ba.

Sadiq_Mai_Lissafi:
Hajiya, Allah ya ba da sauƙi, amma ni cewa na yi rabo yana jiran wanda ya isa bakin ƙofa, ke kuwa yanzu kika fito daga gida.

Ɗalibi_a_Osaka:
Tun da an taɓo maganar sana'a, bari in faɗi yadda ƙwararrun suke rayuwa a yanzu, domin yana haska abin da Nakayama ta yi bayan ta rage jifa. Samun lasisi sai an ci jarrabawa ta kwanaki ana wasa a jere, inda ake bukatar mace ta riƙe matsakaicin maki 190, namiji kuma 200. Ku tuna misalin Injiniya, 190 shi ne makin wanda bai bar kwalba a tsaye ba. Bayan an samu lasisin kuma, kuɗin gasa ba ya riƙe yawancinsu. Mafi yawa suna da gidan bolin da suke aiki a ƙarƙashinsa, suna koyarwa, suna huda ƙwallo daidai yatsun mai saye, suna zagaya garuruwa ana biyansu domin masu sha'awa su gwada ƙarfi da su.

A 2006 aka fara wani shirin talabijin na gasar mata zalla mai suna P League, kuma Nakayama tana cikin waɗanda suka tsaya masa. Shirin ya fito da sababbin sunaye, a cikinsu akwai Urara Himeji wadda ta zama ta gaba-gaba a zamaninta. Ana sukar shirin cewa ya ba kwalliya da sutura muhimmanci fiye da kima, kuma na san Hajiya Turai za ta ce ga maganarta ta fito. Amma ni abin da na gani shi ne mace da ta san cewa talabijin ce ta raya wasan a ƙuruciyarta, ta kuma ga yadda ya bushe da talabijin ta tafi, sai ta koma ta nemo ta.

Hajiya_Turai:
Ɗana, ai kuwa maganata ce ta fito, kai da kanka ka faɗa. Idan bayan shekara talatin da shida maganin da aka samo shi ne a sake jera 'yan mata a gaban kyamara, to ba a yi nisa da tallan sabulu ba.

Malama_Rukayya:
Hajiya, ina girmama ra'ayinki, amma akwai abin da ba mu ambata ba. A 2004 Nakayama ta zama shugabar ƙungiyar ƙwararrun 'yan bolin ta Japan, ba ɓangaren mata kaɗai ba, har da maza, ta kuma riƙe muƙamin har 2012. A ƙasar da mata ba su cika hawa kujerar shugabancin ƙungiyoyin wasanni ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba a ba mutum irin wannan kujera saboda tallan da ya yi shekara talatin da suka wuce. Ina ganin kuskuren tambayar tun farko shi ne raba gwaninta da shahara kamar ba sa haɗuwa. Wadda ta lashe gasa 33 ba za a kira ta 'yar sa'a ba, sannan sunan da kyamara ta ba ta ba ta kai shi gida ta ajiye ba, da shi ta yi ta ƙwanƙwasa ƙofar kamfanoni lokacin da babu mai son jin sunan bolin.

Injiniya_Bashir:
Wani abin da ya hana 'yan baya samun irin sunanta shi ne rashin Olamfik. An nuna wasan a matsayin gwaji a Seoul a 1988, bai samu zama ba. Da Tokyo ta samu damar ƙara wasanni a gasar 2020, bolin ya shiga jerin ƙarshe a 2015, amma aka zaɓi karate da hawan bango da wasan allo mai taya da hawan igiyar ruwa da kuma besbol, aka bar shi tare da sikwash da wushu. Da ya shiga, da wataƙila wata yarinya ta samu ranarta a gaban kyamara kamar yadda Nakayama ta samu.

Sadiq_Mai_Lissafi:
Malama Rukayya, shugabanci daban, jifa daban. Malam Sagir ya tambaya ne game da dalilin da ya sa ake tuna ta fiye da waɗanda suka fi ta nasara, kuma har yanzu ban ga wanda ya musanta cewa da an yi wasan 21 ga Agusta babu kyamara, da sunanta yana layi ɗaya da sauran mata 12 da suka karɓi lasisi tare da ita. Ita kanta kujerar shugabancin, wa zai ce ba sunan ne ya kai ta ba?

Malam_Sagir_Zariya:
Sadiq, layi ɗaya da sauran 12 ya yi tsauri, domin ko babu kyamara gasa 33 suna nan. Na sake kallon faifan da daddare bayan bayanin Injiniya, wannan karon ban kalli kwalaben ba, ƙafafunta na kalla da inda take sauke ƙwallon, kuma a idona na wanda bai iya ba, kusan wuri ɗaya take sauke ta kowane jifa. Ɗalibi a Osaka, idan ka sake haɗuwa da tsohuwar nan, don Allah ka tambaye ta game da Suda da Saito, ina so in ji ko su ma za ta miƙe ta kwatanta jifansu.

Ɗalibi_a_Osaka:
To Malam, ranar Talata da safe suke haɗuwa, kuma ba ni da darasi a wannan makon. In sha Allahu zan je, zan kuma tambaye ta ko wane nauyin ƙwallo ya dace da Hajiya Uwar Khalifa.